Rusau a Kewayen Harami: Waiwaye Kan Tsohuwar Makka da Abin da Ya Maye Gurbinta

Bismillahir Rahmanir Rahim

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin Ɗakin Ka'aba, wanda Ya zaɓi kwarin Makka a kan sauran wurare, Ya kira bayinSa zuwa gare shi daga kowace nahiya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Gabatarwa

Idan a yau aka nuna wa yaro hoton Makka, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne dogon benen nan mai agogo, sai ya duƙar da kai sannan ya hango Ka'aba can a ƙasa. Da yawa daga cikin matasanmu da wannan hoton suka buɗi ido, har suna zaton haka garin yake tun fil azal. Alhali kuwa a shekarar 2012 aka kammala benen, kuma kafin 2002 dutse ne a wurin, da wani tsohon ginin tsaro a bisansa. Unguwannin da suka kewaye Harami na ɗaruruwan shekaru, da lungunansu da makarantunsu da masaukan talakawansu, akasarinsu sun tafi a cikin abin da bai wuce tsawon rayuwar mutum ɗaya ba.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Don haka na ga ya dace mu bi tarihin rushe-rushen da aka yi a kewayen Masallacin Harami tun daga zamanin Sahabbai, mu ga wanne ne ya zama dole, wanne ne kuma aka yi shi da zaɓi. Zan bayyana matsayina tun da farko domin mai karatu ya auna shi da hujjojin da za su biyo baya. Faɗaɗa masallaci saboda masu ibada aiki ne da ya samo asali daga Halifofi shiryayyu, kuma babu mai hankalin da zai ƙi shi. Share unguwanni domin a kafa otal-otal da kantuna kuwa wani aiki ne daban. Cakuɗa waɗannan biyun a ƙarƙashin suna ɗaya shi ne ya jawo mana asarar da ba ta mayuwa.

Rusau na Farko

A zamanin Manzon Allah (SAW) Masallacin Harami ba shi da katanga. Fili ne na ɗawafi, gidajen Ƙuraishawa sun kewaye shi tun lokacin da Ƙusayyu ɗan Kilabu ya tara su a gindin Ɗakin, lungunan da ke tsakanin gidajen kuma su ne ƙofofin shiga. Da Musulunci ya yaɗu, mahajjata suka yawaita, sai filin ya yi kaɗan. A shekara ta 17 bayan Hijira (638 Miladiyya), Sayyidina Umar (RA) ya sayi gidajen da ke manne da filin ya rushe su. Wasu masu gidajen suka ƙi karɓar kuɗi, sai ya sa aka yi wa gidajensu ƙima aka ajiye musu kuɗin a Baitul Mali har suka zo suka karɓa daga baya. Sannan ya kewaye masallacin da gajeriyar katanga wadda ba ta kai tsayin mutum ba.

A shekara ta 26 Sayyidina Usman (RA) ya sake yin irin haka. A wannan karon mutane suka ɗaga murya, har ya tsare wasu na ɗan lokaci, yana mai tuna musu cewa Umar ya yi musu haka ba su ce uffan ba, kafin aka roƙe shi ya sake su. Ke nan ƙorafin masu gidaje a kan rusau a Makka ya girmi kowace gwamnati da muka sani a yau.

Abu uku nake so mai karatu ya riƙe daga wannan. Na ɗaya, abin da aka rushe an mayar da shi wurin salla da ɗawafi ne, wanda kowa ke shiga ba tare da ya biya ko kwabo ba. Na biyu, an biya diyya. Na uku, an tsaya a gwargwadon buƙata. Daga ayyukan waɗannan Halifofi biyu malamai suka kafa hujjar halaccin karɓar mallakar mutum da diyya saboda maslahar jama'a, kuma da waɗannan sharuɗɗa uku nake ganin ya kamata a auna duk wani rusau da ya biyo baya.

Taka-tsantsan na Magabata

Magabata ba su ɗauki taɓa gine-ginen wannan wuri da wasa ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya shaida wa Nana A'isha (RA) cewa ya so ya mayar da Ka'aba a kan harsashin Annabi Ibrahim (AS), amma ya bar ta yadda take saboda Ƙuraishawa ba su daɗe da shiga Musulunci ba. Ya duba halin zukatan mutane kafin ya ɗaga dutse guda. Abdullahi ɗan Zubairu (RA) ya sake gina ta a kan wancan harsashi a shekara ta 64, Hajjaju ya warware ƙarin a shekara ta 74. Da wani halifan Abbasiyawa ya yi niyyar sake mayar da ita irin ginin Ɗan Zubairu, limaminmu Imamu Malik ya hana shi, yana tsoron kada Ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna, wannan ya gina wancan ya rushe, har kwarjininsa ya fita daga zukata.

Akwai wani labari daga Madina wanda ya fi kowanne taɓa batunmu. A shekara ta 88, Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki ya umarci gwamnansa Umar ɗan Abdul'aziz da ya shigar da ɗakunan matan Annabi (SAW) cikin masallaci. Ɗakuna ne ƙanana na tubalin laka da zarben dabino, waɗanda mai tsayi yake taɓa rufinsu da hannu. Masu tarihi sun ruwaito cewa mutanen Madina sun sha kuka a ranar, kuma Sa'idu ɗan Musayyibu, jagoran malaman Tabi'ai, ya yi burin a ce an bar su yadda suke, domin masu tasowa da baƙi su ga irin abin da Manzon Allah (SAW) ya wadatu da shi a rayuwarsa, ko hakan ya rage musu gasar tara dukiya da alfahari. Ka duba, ya ɗan uwa. Wannan malami bai nemi a bar ɗakunan don a shafa bangonsu ba. Ya nemi a bar su ne domin gani ya kori ji. Duk wanda ya ce damuwa da gine-ginen tarihi baƙon tunani ne da muka aro daga Turawa, to ya koma ga Sa'idu ɗan Musayyibu.

Abbasiyawa sun yi nasu faɗaɗawar. Mafi girma ita ce ta Halifa Mahdi, wadda aka fara a shekara ta 161, aka daidaita masallacin yadda Ka'aba ta zamo a tsakiyarsa. A shekara ta 284 aka shigar da Darun Nadwa, tsohuwar majalisar Ƙuraishawa, sannan aka yi ƙari na ƙarshe ta wajen Babu Ibrahim a 306. Daga nan faɗin masallacin bai sake ƙaruwa ba har fiye da shekara dubu. Sarakunan Turkawa, Salim na biyu da ɗansa Murad na uku, sun sake gina rumfunan da ke kewaye da filin ɗawafi tsakanin 1571 da 1576, suka ɗora musu ƙananan ƙubbobi, amma sun bar da yawa daga ginshiƙan marmara na zamanin Mahdi a cikin sabon ginin.

A tsawon wannan zamani garin yana da masu riƙe masa lissafi. Al-Azraƙi da Al-Fakihi, a ƙarni na uku na Hijira, sun bi Makka gida-gida, dutse-dutse, rijiya-rijiya, suna rubuta na wane ne da abin da ya faru a wurin. Taƙiyyuddin Al-Fasi, alƙalin Malikiyya na Makka wanda ya rasu a 832, ya ɗora a kan aikinsu. Ta hanyarsu muka san cewa Mu'awiya (RA) ya sayi gidan Nana Khadija (RA) ya mai da shi masallaci, kuma Khaizuran, mahaifiyar Haruna Rashid, ta yi haka da gidan da aka haifi Annabi (SAW). Matafiyin nan na Andalus, Ibnu Jubairu, ya ziyarci wuraren biyu a 1183 ya siffanta su. Wanda ya riƙe waɗannan littattafai a hannu a farkon ƙarni na ashirin zai iya bin lungunan Makka ya gane da yawa daga abin da aka ambata a ciki.

Daga 1924 Zuwa Ƙarshen Ƙarni

Dakarun Sarki Abdul'aziz sun shiga Makka a 1924. Ba da jimawa ba aka rushe ƙubbobin da ke kan kaburbura a maƙabartar Mu'alla, aka yi haka a Baƙi'a ta Madina a 1926. Wannan rusau na aƙida ne, yana da nasa bahasin a littattafan malamai a kan hukuncin gini a bisa kabari, kuma ba shi ne batun wannan rubutu ba. Abin da ya sauya fuskar garin ya zo ne daga baya, lokacin da kuɗin man fetur da jirgin sama suka haɗu. A wajen 1950 alhazan da ke zuwa daga ƙetare kimanin dubu ɗari ne. A 2012 waɗanda suka yi aikin Hajji sun haura miliyan uku.

Faɗaɗawar farko ta Sa'udiyya ta fara a 1955, a zamanin Sarki Sa'ud. Kafin nan tsakanin Safa da Marwa titi ne na kasuwa, mai sa'ayi yana kutsawa ta tsakanin masu ciniki da kantuna a dama da hagu. Aka share wurin, aka rufa shi, aka yi masa hawa biyu, aka haɗe shi da masallaci. Wannan alheri ne da kowane mahajjaci yake mora. Amma a cikin aikin ne Darul Arƙam ta tafi, gidan da Annabi (SAW) yake tara Musulmin farko a ɓoye a gindin Safa, inda Umar (RA) ya je ya bayyana musuluntarsa. Madarasar Sarki Ƙaitbai na Masar, ginin ƙarni na goma sha biyar, ita ma ta bi sahu.

Ya kamata a ambaci wani kyakkyawan misali daga wannan zamani. Tsarin farko shi ne a kawar da rumfunan Turkawa gaba ɗaya. Sarki Faisal ya tara masana gine-gine na ƙasashen Musulmi, ya saurare su, ya yanke cewa a bar tsohon gini a haɗa shi da sabo. Saboda wannan shawara ne iyayenmu da suka je Hajji a shekarun 1970 zuwa 2000 suka yi salla a ƙarƙashin ƙubbobin da suka shekara ɗari huɗu. Ashe ana iya faɗaɗawa ba tare da an shafe ba, idan mai iko ya so.

Faɗaɗawar Sarki Fahad, wadda aka aza harsashinta a 1988, ta cinye tsohuwar kasuwar Suƙus Sagir ta yamma, filayen da aka shimfiɗa ta gabas kuma suka cinye tsofaffin unguwannin da ke bayan Safa da Marwa. A 1989, ana cikin haƙa a wannan ɓangaren, aka tono ragowar ginin da al'ummar Makka suka gada a matsayin gidan Nana Khadija, inda Annabi (SAW) ya zauna har zuwa Hijira. Masanin gine-gine ɗan Makka, Dokta Sami Angawi, yana cikin waɗanda suka samu damar auna shi da ɗaukar hotunansa a gurguje, sannan aka binne shi aka shimfiɗe wurin. Wurin haihuwar Annabi (SAW) ya tsira ne saboda dabarar Shaikh Abbas Ƙaɗɗan, magajin garin Makka, wanda ya gina ɗakin karatu a kansa a farkon shekarun 1950. Angawi, wanda ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a 1975, ya ƙiyasta a 2005 cewa gine-ginen tarihi aƙalla 300 aka baje a Makka da Madina a cikin shekara hamsin.

Ajyad da Abin da Ya Biyo Baya

A ganina watan Janairun 2002 shi ne iyaka tsakanin zamani biyu. A watan ne aka rushe ginin tsaro na Ajyad, wanda aka gina a wajen 1780, zamanin Sharif Surur, a kan dutsen Bulbul da ke kudu da Harami, domin kare garin daga mahara. Gwamnatin Turkiyya ta yi kakkausar suka, ministanta na al'adu har ya kwatanta abin da rushe gumakan Bamiyan da aka yi a Afganistan a shekarar da ta gabata. Hukumomin Sa'udiyya suka amsa cewa lamari ne na cikin gida, kuma ginin ba shi da wata alfarma ta addini. Dutsen ma kansa aka baje shi. A gurbinsa aka kafa Abrajul Bait: benaye bakwai, da katafariyar kasuwa a ƙasansu, da hasumiyar agogo mai tsayin mita 601. Tsayin Ka'aba bai kai mita 15 ba, wato hasumiyar ta ninka ta fiye da sau arba'in. Al-Azraƙi ya ruwaito cewa mutanen farko suna ƙyamar gina abin da zai yi wa Ɗakin rinjaye a tsayi, saboda girmamawa.

Domin adalci, ginin waƙafi ne da sunan Sarki Abdul'aziz, kuma an tsara kuɗin da yake samarwa su tafi ga hidimar Harami. Duk da haka, a nan ne ƙasar da ke daf da masallaci ta tashi daga matsayin unguwa ta koma hajar zuba jari. A 2007 aka kafa kamfanin Jabal Umar, wanda ya share gidajen da ke kan dutsen yamma ya jera manyan otal-otal. A 2008 aka fara rushe Shamiyya da maƙwabtanta ta arewa domin faɗaɗawar Sarki Abdullahi, kuma da su ne ragowar tsofaffin gidajen Makka na dutse, masu tagogin katako sassaƙaƙƙu da ake kira rawashin, suka ƙare a wannan ɓangare. Makarantar Saulatiyya, wadda Shaikh Rahmatullahi na Indiya ya kafa a shekarun 1870 ta kuma yaye malamai daga ƙasashe da dama, ta bar tsohon mazauninta ta koma gefen gari. A ƙarshen 2012 aka fara faɗaɗa filin ɗawafi, aka kwance rumfunan da Sarki Faisal ya tserar, daga baya aka sake harhaɗa wani sashe nasu bayan an gyara duwatsun. A Oktoban 2025 kuma aka sanar da wani sabon gagarumin aiki a gefen Harami mai suna Ƙofar Sarki Salman.

Hujjoji Biyu a Kan Ma'auni

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce cunkoso, kuma hujja ce mai nauyi. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim. A 2006 fiye da 340 suka rasu a wajen jifa. Turmutsutsun Mina na 2015 ya ci 'yan uwanmu da dama daga Nijeriya da Nijar da Kamaru. Ran mumini ya fi kowane gini daraja, kuma idan aka ce a zaɓa tsakanin tsohuwar rumfa da rayuwar tsohuwar da ke ɗawafi, babu wani zaɓi. Saboda haka ban sa faɗaɗa wurin sa'ayi da filin ɗawafi da gadar jifa a cikin abin da nake kuka da shi ba. Sai dai wannan hujja iyakarta ƙofar masallaci. Kantin agogo da turare a hawa na uku bai ceci ran kowa ba. Tara dubban mutane a benaye a bakin ƙofa ɗaya, su sauko a lokaci guda idan an kira salla, yana ƙara matsi ne a wurin da ake neman rage shi.

Hujja ta biyu ita ce toshe ƙofar shirka. Ita ma tana da asali, domin an ruwaito cewa Umar (RA) ya sa an sare bishiyar da mutane ke zuwa salla a gindinta suna cewa a nan aka yi Bai'atur Ridwan. Kuma duk wanda ya san halin jama'a ya san akwai masu ɗiban ƙasa da shafar bango. Amma a ɗaya ɓangaren, ya tabbata cewa ɗansa Abdullahi (RA) yana bibiyar wuraren da Annabi (SAW) ya sauka ko ya yi salla a tsakanin Makka da Madina, har Imamul Bukhari ya ware babi a kan waɗannan wurare. Maganin jahilci ilmantarwa ne, da malami a tsaye a wurin yana bayani, da shinge idan ta kama. Ban da haka ma, wa ya taɓa neman tabarruki da ginin sojan Ajyad, ko da tagogin Shamiyya? Waɗannan kasuwa ce ta ci su. Hukumomin ƙasar da kansu sun nuna sun san darajar tsohon gini, domin sun adana unguwar Ɗuraif ta Dir'iyya, mahaifar sarautarsu, har ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2010, tsohuwar Jidda ta biyo baya a 2014. Abin da ya halatta ga gidajen laka na Dir'iyya, me ya haramta shi ga lungunan da aka saukar da wahayi a cikinsu?

Talaka da Maƙwabtakar Ɗakin Allah

Akwai asarar da ta fi ta duwatsu ciwo. A Suratul Hajji, Allah Ya bayyana cewa mazaunin Makka da baƙon da ya zo daga nesa daidai suke a Masallacin Harami. Magabata sun ɗauki wannan aya da gaske har ta shafi hukuncin gidaje. An ruwaito cewa Umar (RA) ya hana mutanen Makka sanya ƙyaure a ƙofofin gidajensu domin mahajjaci ya sauka a tsakar gidan da ya samu, kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa gwamnansa yana hana karɓar kuɗin haya. Imamu Shafi'i da Ishaƙ ɗan Rahawaihi sun yi muƙabala a kan haka. Shafi'i ya halatta mallaka da haya, yana kafa hujja da cewa Umar ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya a kan dirhami dubu huɗu, kuma a kan ra'ayinsa aiki ya gudana. Amma ka yi tunani, ya ɗan uwa: al'ummar da malamanta suka taɓa saɓani a kan ko ya halatta a karɓi haya a Makka, yau ita ce ake saka wa ɗaki farashi gwargwadon yadda tagarsa ke kallon Ka'aba.

Tsohuwar Makka tana da hanyar sauke talaka kusa da Harami. Sarakuna da attajirai da mata masu hali daga ƙasashe daban-daban sun yi waƙafin masaukai, waɗanda ake kira ribaɗi a can, domin ɗalibai da gajiyayyu da mahajjatan da guzuri ya yanke musu. Iyalan Makka kuma sukan matsa zuwa saman gida a lokacin Hajji su bar wa baƙi sauran ɗakuna. Da aka share unguwannin, wannan tsari ya tafi tare da su. Yanzu kusanci da Ɗakin yana bin nauyin aljihu, kuma mafi yawan alhazanmu suna sauka ne a inda sai sun yi doguwar tafiya ko sun hau bas kafin su iso salla.

Mu Hausawa wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Kakanninmu sun riƙa tafiya Hajji a ƙasa ta Barno da Wadai da Sudan, suna noma da ƙwadago a hanya, wasu su shekara biyar ko goma kafin su ƙetare Bahar Maliya. Bayan faɗuwar Sakkwato da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ayarin masu hijira zuwa gabas ya ƙaru, wasu suka tsaya a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wasu suka ƙarasa Hijaz. Zuriyarsu, da waɗanda suka biyo bayansu, su ne suka cika unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shara Mansur, inda ake ciniki da Hausa. Da rusau ya tashi daga bakin Harami ya bi hanyar yamma domin sabon babban titin da ake kira Masar, irin waɗannan unguwanni ya ratsa. Diyya kuwa mai takardar mallaka take bi. Ɗan haya, da wanda kakansa ya gina a kan dutse ba da takarda ba, sai dai ya naɗe tabarmarsa. Da tashin kowace unguwa ake rasa masallacinta da makarantar allonta da tsofaffin da suka san wane ya zo daga Kano, wane daga Katsina, a wace shekara.

Kammalawa

Abin da aka rushe ya riga ya tafi, kuma alfarmar Makka ba ta rataya a kan wani gini ba. Sallar da aka yi a Harami a yau ladanta bai ragu da komai ba, kuma masu hidimar wurin suna da hakkin a gode musu a kan ruwa da tsafta da sauƙin da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba. A 'yan shekarun nan ma an fara ganin sauyin tunani, kamar cibiyar tarihin da aka buɗe a gindin Dutsen Hira a 2023. Muna fatan wannan ya kai ga kare abin da ya saura.

Namu aikin, mu matasa, yana da yawa. Mu karanta Sira tare da taswira, mu san ina Safa take daga Shi'ibu Abi Ɗalib, ina Hajun, ina Ajyad, domin idan ƙasa ta daina ba da shaida, sai ƙirji ya riƙe. Wanda Allah Ya bar masa kaka ko kakan da ya yi Hajji kafin 1980, ko ya je ta ƙasa, ya zauna da shi ya naɗi labarinsa tun kafin a nema a rasa, ya kuma adana tsofaffin hotunan da ke cikin adaka. Sannan mu dubi gida, domin ba a Makka kaɗai titi ke cin tarihi ba. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano saboda faɗaɗa hanya, ganuwar birnin kuma ana ta gutsurar ta ana kafa shaguna. Duk lokacin da aka zo mana da maganar raya gari, mu yi tambayoyin da aikin Umar (RA) ya koya mana: wa zai mori wurin bayan an rushe, an biya masu hakki, kuma an tsaya a gwargwadon buƙata?

Allah Ya ƙara wa ƊakinSa girma da kwarjini, Ya shiryi masu riƙe da amanarsa zuwa ga abin da Yake so, Ya jiƙan kakanninmu da suka rasu a kan hanyarsa, Ya kuma kira mu gare shi muna masu ƙanƙan da kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah ne Mafi sani.